Hantar Mahauci a Hannun Likitar Kano

Tun da na dawo daga Kano ban sayar da nama cikin natsuwa ba. Mutum zai zo sayen na miya, a yanka masa, a ƙulle masa, maimakon ya tafi sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Isuhu, wai da gaske an taɓa hantarka ba a huda ka ba?" In na fara bayani, wani ya iso ya ce a koma farko. Shekaranjiya har tsire ya ƙone mini a kan wannan labari. Shi ya sa na ce bari in yi amfani da ɗan karatun da na samu a lakol, wato makarantar boko, kafin babanmu ya cire ni ya miƙa mini wuƙa, in rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a nan Dakoro. Abin da na fi sani a duniya hanta ce. In an feɗe dabba, kafin likitan dabbobi ya iso da hatiminsa, na riga na ɗora babban yatsana a kanta. Mai lafiya laushi gare ta, yatsa ya nutse ya dawo. Wadda ta lalace kuwa tauri take yi, ta yi gudaji-gudaji, wuƙa ma sai ta yi ƙara a cikinta. Irin wannan sai rami. Shekara talatin ina wannan aiki, kuma na tabbata a raina ba a sanin hanta sai an buɗe mai ita.

Yayana Mamman, wanda ya koya mini riƙon wuƙa, ciwon hanta ne ya kashe shi, amma a lokacin ba mu sani ba. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, muka ce jifa ce. Babu jiƙon da ba mu ɗura masa ba. Sai da aka kai shi Maradi yana numfashi sama-sama aka ce hantarsa ta ƙandare, an makara. Shekara shida bayan haka ɗiyata Hasana ta haihu, aka nemi jini, na miƙa hannu. Aka gwada aka ce nawa ba zai yi ba, akwai ƙwayar ciwon hanta a ciki, irin wadda suke kira B. Ni da ko zazzaɓi ban cika yi ba, ranar na kasa cin tuwo.

Likitan da na gani a Maradi ya sa aka yi mini analiz, wato gwajin jini, aka haska cikina, sannan ya zaunar da ni. Ya ce ƙwayar ta daɗe a jikina, mai yiwuwa tun ina goye. Tana cin hanta a hankali, duk inda ta ci ya bar tabo, tabon ne ke taruwa har hanta ta yi tauri. Abin da yake son sani shi ne inda tawa ta kai. Ya ce da can sai an soka doguwar allura an ciro ƴar tsokar hanta an duba, amma yanzu akwai na'urar da ke auna taurin daga waje, ba yanka, ba jini. Ba ta hannunsa, sai Yamai ko Kano. Yana magana a hankali, yana murmushi. Na san wannan muryar sarai, da ita nake shafa wuyan rago kafin in kayar da shi. Na ce masa to, na karɓi takarda, amma ban yarda da ko kalma ɗaya ba.

Na zaɓi Kano don ta fi kusa, kuma ina da mai masauki a can. Ana gobe tafiya na naɗe tsohuwar wuƙar gidanmu a ƙyalle, wadda babanmu ya bar wa Mamman, Mamman ya bar mini, na kai wa matar marigayin, Yaya Hauwa. Na ce ta ajiye wa babban ɗanta in ban dawo ba. Ba ta yi mini musu ba, ta taɓa ganin wanda ya tafi bai dawo ba. Ta shiga ɗaki ta fito da jarka cike da jiƙon sassaƙe, baƙi ƙirin.

"Riƙa kurɓa bisa hanya," ta ce. "Wanga ba irin na Mamman ba na, daga Kornaka anka kawo shi."

Matata Dije, uwar Hasana, ta ce ƙafarta ƙafata. Na ce tafiyar asibiti ce, ba biki ba. Ta ce ai shi ya sa. Dije mace ce da ba ta da yawan magana, amma in ta faɗi abu sau ɗaya ta gama.

Bayan sallar asuba muka shiga mota. Direban ya cika mu har ba inda za ka sa gwiwa, aka ɗora awaki uku a sama. Kafin mu kai Kornaka murfin jarkar Yaya Hauwa ya saki, jiƙon ya bi ƙasan mota ya jiƙe takalman wani mushe, malamin makaranta, da ke zaune a gabanmu. Mutumin ya ɗaga ƙafa ya sansana, ya waiwayo ya ce, "Wa ke ɗauke da gawar jaki cikin motar ga?" Na yi kamar ina tasbihi. Dije ce ta ba shi haƙuri, ta gaya masa inda za mu. Nan take ya huce, ya ce ƙanen matarsa ma yana da wannan ciwo, yana shan magani, ga shi nan yana noma. Wannan magana ta rage mini nisan hanya har Maradi.

A tashar Maradi muka sauya mota zuwa iyaka. A Ɗan Isa aka duba kat dantite ɗinmu, wato katin shaida, muka wuce. A ɓangaren Najeriya wani ma'aikaci mai ƙaton tumbi ya sa aka sauke kaya. Ya ga cukun da muka riƙo wa mai masauki, ya juya shi ya sake juyawa, ya tambaya ko sabulu ne. Ya zo kan jarka, ya buɗe, ya kai hanci, sai ya ja da baya da sauri har hularsa ta karkace.

"Baba, wannan mene ne?"

Na ce magani ne na hanta.

Ya ce, "In dai wannan kake sha, ba mamaki kana neman asibiti. Wuce, Allah ya ba da lafiya."

Daga Jibiya zuwa Katsina direbanmu bai yi hira ba, idonsa na kan hanya, kowa ya san ana tsoron ƴan bindiga a wannan yanki. Shingen ƴan sanda kuwa na ƙirga har na gaji na bari. Muka wuce Katsina, muka shiga Kano rana na shirin faɗuwa. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka suna sauri ba tare da wani ya biyo su ba. Ga ƴan kekunan nan masu ƙafa uku, rawaya-rawaya, suna kutsawa ko'ina. Dije ta riƙe bakin rigata ba ta saki ba har muka sauka.

Mai masaukinmu Alhaji Bawa, mutumin Korahane ne, falke, ya fi shekara ashirin yana kai shanu Kano har ya yi gida a can. Ya ba mu ɗaki mai fanka, ya karɓi cuku yana murna kamar an kawo masa garinsu a leda. Iyalinsa Kanawa ne, kuma sun yi mana hidimar da ba zan manta ba. Sai dai abincinsu. Komai ja wur da manja, tuwon na shinkafa ne, fari fat, ba ya riƙe ciki. Na nemi fura aka kawo mini a roba, an markaɗa ta a inji da sukari da ƙanƙara. Na sha, na gode, amma a raina na ce wannan ba ta taɓa ganin ƙwarya da ludayi ba. Gaisuwa ma a tsaye suke yinta. Ka tambayi mutum gida, kafin ka kai ga gona da dabbobi ya riga ya tsallaka titi.

Washegari Alhaji Bawa ya kai mu asibitin. Aka buɗe mini kati, aka karanta takardar Maradi da kyar don da Faransanci take. Wata nas ta ce mu dawo gobe ƙarfe tara.

"Amma Baba, kada ka ci komai. Tun daga asuba bakinka a rufe, har a gama."

Na ce to, amma a raina na yi dariya. A nan ne na tafka wautar da ta sa nake rubuta wannan takarda, saboda haka bari in yi bayani ga wanda bai san kasuwar dabbobi ba. In za ka kai sa kasuwa, tun da sassafe kake ba shi dusa da kanwa, ya sha ruwa har ramukan kwiɓinsa su shafe, fatarsa ta miƙe. Mai saye kuma in gwani ne, so yake ya ga dabba da yunwarta, don duk aibinta ya fito. Shekara talatin ina wannan wasa, wani lokaci a wannan gefe, wani lokaci a wancan. Da nas ta ce kada in ci, sai na ce yauwa, na gane ku. So kuke ku gan ni a rame ku sami dalilin kai ni ga wuƙa. Na ƙudurta cewa in na je a ƙoshe, da ƙarfina, za su taɓa daga waje su ji komai daidai, su sallame ni.

Da safe na ce wa Dije zan ɗan tsaya a masallaci in yi addu'a. Na yi addu'ar, ban yi ƙarya a nan ba. Daga nan na zarce wurin wata mai waina a bakin titi, na ci har na daina ƙirge, da miya da man shanu da tantaƙwashi. Na matsa wurin mai shayi na sha babban kofi da madara, na bi da ƙwai da burodi. Na goge baki da kyau, na dawo ina tafiya a hankali irin ta mai azumi.

Likitar mace ce, ba za ta girmi Hasana da yawa ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta gaishe da Dije, ta ce ta zauna a kujerar gefe. Na waiga ina neman inda suka ɓoye wuƙaƙe, ban ga komai ba sai gado, da wata na'ura mai fuska kamar talabijin, da wani abu mai waya da bai wuce tocila ba.

"Baba, ba ka ci komai ba ko?"

"Ko ruwa," na ce. Haka nake ce wa mai saye in ya tambaya ko an shayar da sa.

Ta sa na kwanta rigingine, na ɗaga riga, na kai hannun dama bayan ƙeya. Ta shafa wani abu mai sanyi a haƙarƙarina, ta lalubi tsakanin ƙasusuwa biyu da yatsa, daidai inda ni ma zan nema, ta ɗora bakin tocilar. Na rufe ido ina salati. Sai na ji ɗan bugu, kamar yaro ya ɗalle ka da yatsa. Ta sake, ta sake. Na ƙirga goma. Ina jiran babban abin ya zo, sai na ji ta ce in sauke riga, an gama.

Na tashi zaune ina duba jikina. Ko ƙwarzane babu. Murna ta fara taso mini, sai na ga fuskarta ta sauya.

Ta juyo da na'urar ta nuna mana lamba. Ta ce bugun nan girgiza yake aikawa cikin hanta. In hanta na da laushi, girgizar a hankali take tafiya, in ta yi tauri sai ta ruga da sauri, saurin ne na'urar ke aunawa. Ta ce na mai lafiya bai cika wuce shida ba. Nawa goma sha ɗaya ne da rabi.

"A nan muke fara tsoron hanta ta kusa ƙandarewa," ta ce. "Abin da ya ɗaure mini kai, gwajin jininka bai nuna haka ba. In suka saɓa irin wannan, wataƙila sai mun kai ga allura."

Ban ji sauran ba. Cikin Mamman nake gani, yadda ya yi ƙyalli, yadda muke juya shi mu biyu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma ko a lokacin ban kawo wainar nan a raina ba. Cewa nake yi, in a ƙoshe ma haka ta nuna, da yunwa fa?

Dije ce ta yi magana. Tun da muka shigo idonta na kan gaban rigata.

"Malam," ta ce, "mi kac ci?"

Na ce, "Uwar Hasana, wace irin magana ta wagga gaban mutane?"

Ta miƙo yatsa ta nuna. Ɗigon manja ne, ja, a ƙasan aljihu. Ta juya ga likita.

"Likita, ki yi haƙuri. Rigar ga ni na wanke ta jiya, ba ta da wanga tabo. Ya ci, kuma in na san mijina, ba kaɗan yac ci ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Likitar ta ajiye biro ta ce in gaya mata gaskiya, ba faɗa za ta yi ba. Na lissafa mata, tun daga waina har ƙwai. Ta tambayi dalili, na ba ta labarin sa da kanwa. Ta yi ƙoƙarin daurewa, ta kasa, ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye.

"Baba, ai ni ba saye zan yi ba," ta ce. "In mutum ya ci abinci, jini ne ke cika hanta, ta kumbura ta yi tauri na ƴan sa'o'i. Ka cika ta kamar yadda kake cika sa, na'ura kuma ta faɗi abin da ta tarar. Kanka ka yi wa wayo." Sai ta daina dariya. "Ban ce maka lafiya lau take ba. Mai yiwuwa gobe ma mu ga haka. Amma ka dawo da cikinka wayam, mu ga gaskiyarta."

Wannan yini ya yi mini tsawo. Alhaji Bawa ya ga na kasa zama, ya ɗauke ni zuwa mayankar garin don in ga ƴan uwana mahauta. Abin kallo ne, shanun da suke kayarwa kafin hantsi mu sai mu yi wata ba mu yanka su ba. Suka karɓe ni hannu biyu, suna tsokanata da ɗan Nijar mai hura. Ina tsaye aka fito da hantar wata tsohuwar saniya, hannuna ya tafi da kansa, na ɗora yatsa. Tauri kamar ganda. Mahaucin ya jefa ta gefe ko kallo bai sake yi ba, kamar yadda na yi sau dubu. Na tsaya ina kallonta a ƙasa har Alhaji Bawa ya ja hannuna muka fita.

Washegari Dije ba ta bar ni na je masallaci ni kaɗai ba. Ta sa Alhaji Bawa ya raka ni ya dawo da ni, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa. Ƙarfe tara na sake kwanciya a gadon nan, cikina na kuka. Bugu goma. Wannan karon idona a buɗe yake, a kan fuskar likita.

Ta yi murmushi kafin ta yi magana. "Takwas da ɗan kai."

Ta ce akwai tabo, ba ƙarami ba, amma hantar ba ta ƙandare ba, kuma yanzu lambar ta yi daidai da gwajin jini. Ba sai an yi allura ba. Ta ce an kama abin a lokacin da magani ke da amfani: ƙwaya ɗaya kullum, ba fashi, in riƙa komawa wurin likitana na Maradi duk wata shida, a sake wannan awo in lokaci ya yi. Ta hana ni gyaɗar da ta yi hunhuna. Na ambaci jarkar Yaya Hauwa, ta ce in zubar tun kafin in bar Kano, hanta mai rauni ba ta son abin da ba a san ƙarfinsa ba. Ta ce a gwada jinin Dije da yaranmu, da ƴaƴan Mamman, wanda ba shi da ƙwayar ciwon a yi masa rigakafi.

Dije sai Alhamdu lillahi take maimaitawa tana share ido da gefen zane. Ni kuwa bakina ya buɗe, na shiga gaya wa likita yadda nake gane hanta da yatsa. Ta saurara har na gama.

"To ai aikinmu ɗaya, Baba," ta ce. "Kai sai an yanka kake taɓawa. Ni ina taɓawa tun mai ita yana da sauran kwana."

Na yi mata addu'a har sai da nas ta leƙo ta ce akwai layi. Har yau ina yi mata, ita da Alhaji Bawa da iyalinsa, da likitan Maradi da na ɗauka yaudarata yake. Dije kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Ta kunyata ni a gaban likita, sa'ar ɗiyar cikina, kuma da ta rufa mini asiri a ranar, da na dawo gida da lambar ƙarya ina jiran mutuwa.

Komowa ba wani labari, sai dai ma'aikacin nan mai tumbi ya gane ni a iyaka, ya tambayi jarka. Na ce ta zauna a Kano. Ya ce Allah ya jiƙan kwatar da aka zuba ta.

Mun iso Dakoro da la'asar. Ban shiga gidana ba, na zarce gidan Mamman. Yaya Hauwa na tsakar gida tana tankaɗe. Ta gan ni, rariya ta tsaya a hannunta.

"Isuhu? Da ƙahwarka?"

"Da ƙahwata, Yaya. Na zo amsar wuƙata, da sauran aiki gabana."

"Ina wurin da sunka yanka?"

Na ɗaga riga na nuna mata haƙarƙarina. Ta matso ta duba, ta sake dubawa, ba ta ga komai ba. Na gaya mata yadda aka yi, bugu goma, kafin shayi ya huce an gama. Ta ajiye rariya.

"Shi ke nan?" ta ce. "Abin da Mamman ya rasa ke nan?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wuƙar a naɗe yadda na bar ta, ta sa mini a hannu, amma ba ta saki ba.

"Yaushe za ka koma Maradi?"

Na ce ranar Litinin, in amso magani.

"Ka tahi da ɗiyan Mamman," ta ce, "dukansu ukku."

Sannan ta saki wuƙar.